Amsa ga ɗan uwa mai idon sawun da ke yawan gurɗewa

Ɗan uwa sannu, Allah Ya ƙara sauƙi. Ka ce tun targaɗen da ka yi a fili idon sawunka ya ƙi komawa daidai, kana cikin tafiya ba rami ba dutse sai kawai ya gurɗe, kana tambaya ko motsa jiki zai gyara ko sai an yi aiki. Wallahi kamar labarina kake bayarwa.

Ni har yau kocinmu na unguwa nake jin haushi, ƙafa ta kumbura suntum ko takalmi ba ya shiga, mutumin nan ya ce raki nake yi, ya sa aka naɗe min bandeji aka shafa man zafi wai in shiga tunda wasan ƙarshe ne. Daga nan kuma mai ɗori, ya sa ƙarti biyu suka danne ni yana ja yana murɗawa ina ihu yana cewa ƙashi ne ya goce, alhali da aka ɗauki hoto daga baya ƙashi lafiya lau. Ranar da na fi tsorata ina ɗauke da 'yata zan tsallake kwata ƙafar ta saki, na zube da gwiwa ina ƙanƙame da yarinya, mutane suka taru suna sannu sannu. Shi kuwa kocin ko leƙe bai zo ba, har yau.

Kar ka yi saurin zancen tiyata, sai an yi wata 3 zuwa 6 ana motsa jikin da gaske bai yi ba sannan likitoci ke duba wannan. Mai fisiyo, wato ma'aikaciyar asibiti mai gyaran gaɓɓai da motsa jiki, ta yi min bayani cewa jijiyoyin gefen waje ne suka saki, kuma ta nan ƙwaƙwalwa ke samun labarin yadda ƙafa ta taka, to labarin ne yake makara, kafin jiki ya tare ta riga ta karkace. Shi ya sa tsayuwa da ƙafa ɗaya ita ce kan gaba, daƙiƙa 30 kusa da bango, in ka saba ka rufe ido, sannan ka hau kan filo. Za ka ga ƙafar tana karkarwa, yatsu suna ƙoƙarin kama ƙasa, to aikin kenan. Ni lokacin asuwaki nake yi don kar in manta. Ka samu robar motsa jiki, ko tsohon tiyub na keke ma ya yi, ka saƙala a ƙafar gado kana tura ƙafar waje a hankali, da ɗage a kan yatsu. Sati 4 zuwa 6 kafin ka fara jin bambanci.

Tsoron nan ma ciwo ne mai zaman kansa, kullum ido a ƙasa jiki a ɗaure. Abin da ya sake ni tai chi ne, motsin nan na mutanen Sin da tsofaffi ke yi a hankali, akwai shi a YouTube, ka mayar da nauyi daga wannan ƙafa zuwa waccan kana numfashi, hankalinka yana tafin ƙafa. Matata dariya take min, ko a jikina.

In za ka koma ƙwallo ka sa abin ɗaure idon sawu, silifas kuma ka haƙura da su tukuna. Wai hagu ce ko dama? In hagu ce zaman tahiya zai ba ka wahala, ka ninke tawul ka sa a ƙarƙashinta.