An ce an ga fari a bakin mahaifata, kansa ce?

Tambaya: Salam likita. Shekarata 36, yarana 4. An yi min gwajin nan da ake shafa ruwan tsami a bakin mahaifa, nas ɗin ta ce wurin ya yi fari, a ranar suka ƙona shi da wata na'ura. Tun daga nan ruwa ke ta zubo min, ko barci ba na iyawa. Kansa ce? Me zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Farin da aka gani ba shi ne kansa (sankara) ba, alama ce fatar wurin ta fara canzawa, kuma yawanci ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, ke jawo shi. Kafin irin wannan canjin ya zama sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 ga mace mai lafiyar garkuwar jiki, ke kuwa an tare shi tun da wuri.

Ruwan da ke zubowa wurin da aka ƙona ne yake warkewa, zai iya kaiwa sati 4, wani lokacin har da ɗan jini kaɗan, ki sa audugar mata ki riƙa canzawa akai-akai. Inda nake so ki ba ni kunnenki shi ne nan, a wannan watan babu saduwa da maigida, kuma don Allah kar ki cusa komai a gabanki, ba matsi, ba kayan mata, ba zama cikin ruwan bagaruwa, ba tura yatsa da sabulu wai ana tsarki, ki wanke waje kawai da ruwa mai tsafta. Na san za a samu mai kawo miki haɗi ta ce yana busar da ruwan, ki yi mata godiya ki ajiye, gyambo ne ɗanye a ciki. In maigida bai fahimta ba ki taho da shi asibiti mu yi masa bayani.

Amma in kika ga jini ya wuce na al'ada, ko zazzaɓi, ko ciwon mara mai tsanani, ko ruwan ya fara wari, ranar za ki koma asibiti ba gobe ba.

Bayan wata 12 ki koma a sake dubawa ko da kina jin garau, nan ne mata da yawa ke ɓace mana. Ki yi gwajin HIV in ba ki yi ba, don mai ɗauke da ita haɗarinta na kamuwa da sankarar bakin mahaifa ya ninka kusan sau 6. Taba da shisha a bar su.

Kar kuma ki fara zargin mijinki ko kishiya, HPV tana iya kwanciya shekaru a jiki ba a sani ba. In kina da 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 ki kai su rigakafin HPV, tun Oktoban 2023 aka fara yin sa kyauta a Najeriya, allura ɗaya ce. Allah Ya ƙara sauƙi.