Ku bar shi ya ɗauka, amma ku fara da muryarshi

Assalamu alaikum ƴar'uwa. Tun daren jiya na karanta tambayarki, na kasa cewa komi sai yau da hantsi. Kin ce ƙanenki ɗan shekara 16 likitoci sun ce sai dai a riƙa rage mashi zafi a gida, shi kuma ya nace sai ya haɗa ɗan gajeren fim da waya, babanku ya ce wannan tonon asiri ne, mai irin wannan jinya carbi ya kamace shi ba kamara ba. Kina tambaya ko ku bar shi, in ya gama kuma ko a nuna ma mutane. Allah ya ba shi sauƙi, ya sa kaffara ce, ku kuma ya ba ku ladar jinya.

Ni ba malami ba ne, ba kuma likita ba. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna a nan Maradi. Amma wannan hanya da kike kai na bi ta da ɗan yayata, shekara uku ke nan, shi ya sa zan yi maki dogon bayani.

Shi ne ɗan fari a wurin yayata, kin kuwa san kunyar ɗan fari irin tamu, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunanshi ba, sai “yaron nan”. Tun yana ɗan shekara 12 yake bi na wurin aiki, ya riƙe mani fitila, ya ɗauki ƙafar kamara. Ciwon ya fara ne da zafi a saman gwiwa, muka ce targaɗen ƙwallo ne, aka kai shi wurin maɗori har sau biyu. Wata huɗu muka ɓata a haka, sai da wurin ya kumbura kamar ƙoƙo sannan aka yi mashi hoton ƙashi, aka tura mu Yamai. Tafiyar kilomita fiye da 600 ce, ta Madawa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, yaro na cizon hannun riga duk inda mota ta faɗa rami. Can aka ce ciwon daji ne na ƙashi. Likitan ya yi mana bayani cewa irin wannan ya fi kama samari lokacin da suke tsawo, ya fi zama kusa da gwiwa, in kuma zai bazu huhu yake fara nufa. Haka kuwa aka yi. An yanke ƙafar, an yi ta saka mashi maganin nan na jijiya da suke kira shimiyo har gashinshi ya zube, bayan ƴan watanni aka gano shi a huhu, muka dawo gida. Duk mai karanta wannan da yaronshi ke kukan ƙashi makonni, zafin na tashe shi cikin dare, ga kumburi, don Allah a yi hoto kafin a je wurin ɗori.

Da ya ce yana son ya yi fim, mijin yayata ya faɗi kusan abin da babanku ya faɗa. Ban yi gardama da shi ba, don tsoronshi na da tushe: mun sha ganin an ɗauki marar lafiya kwance ana yawo da shi a waya ana tara kuɗi. Abin da na ce mashi shi ne yaron nan ba ya barin salla ko a kwance, carbinshi na ƙarƙashin matashi, aikin kuma ba zai ci mashi awa guda a yini ba, sauran awoyin fa rufin ɗaki yake kallo. Ya yi shiru, daga baya ya kafa sharaɗi uku: ba kiɗa, ba fuskar matan gida, ba ya fita daga gidan sai da izininshi. Na shiga na gaya ma yaron ina tsammanin zai ɓata rai, sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, “Kawu, ai ni daga inda nike kwance ƙafafu kawai nike gani.”

Fim ɗin ke nan. Minti 9, kusan duk ƙafafu. Katifarshi na ƙasa, ƙofar ɗakin da labule wanda bai kai ƙasa ba, sai ya jingina wayar da kwanon sha ta kalli wannan ɗan tsakanin. Ga ƙafar ƙanwarshi da lalle ya fara kwaɗewa tana wucewa da gudu. Ga kaji. Ga ƙafafun ƴan dubiya, yana faɗin ko wane ne tun kafin su yi sallama, wannan mai jan silifa gwaggo ce, wancan mai takun soja malaminsu ne na lakkwal. Ga takalminshi na ƙwallo ƙwaya ɗaya a bakin ƙofa, yana cewa duk mai saida takalmi a babbar kasuwa ya sani daga yau rabin kuɗi zai riƙa biya. Waje sau ɗaya kawai fim ɗin ya fita, ya aiki ƙanenshi bisa kabu-kabu zuwa bakin Gulbi, inda suke ƙwallo a kan rairayi in ruwa ya janye, ya ce mashi kada ya ɗaga wayar sama da gwiwa.

Sai wurare biyu da har yau ba na iya kallonsu a tsaye. Na farko, ƙafar yayata ta taho da kwanon koko, ta iso bakin labule, ta tsaya. Ba ta shiga ba, ba ta koma ba. Na ƙirga a kwamfuta, daƙiƙa 23. Ana ganin bakin zanenta ya ɗaga sama kaɗan, ya sauko, sannan ta yi sallama da murya wasai kamar wadda aka yi ma albishir. A kan wannan ya ɗora muryarshi: “Inna, na san abin da kike yi a bayan labule. Ki shigo da shi haka nan, ba zai ƙara mani ciwo ba.” Na biyu, duhun asuba ne, da kyar ake gane tsofaffin takalman fata na babanshi. Sun tsaya, ana jin raɗar addu'a da tofi sau uku, sun juya. Kullum haka yake yi in ya dawo masallaci, yana zaton yaron barci yake. A nan bai ce komi ba.

Bari in gaya maki kuskurena, don kada wani mai gwaninta ya yi ma ƙanenki irinshi. Da ya ba ni hotunan in haɗa, hannun biki ya motsa mani. Na rage gudun hoton wurin takalmin, na dusashe launin, na sa wani sauti mai sanyi a ƙasa wai ai ba kiɗa ba ne. Na kawo mashi ina jiran yabo. Ya kalla har ƙarshe, ya miƙo mani wayar, ya juya fuska bango, ya ce, “Ka maida ni abin tausai.” Yini biyu bai yi mani magana ba, alhali ba mu da yini biyun ɓatawa. Na goge duka, na saka mashi manhajar haɗa bidiyo ta CapCut a wayarshi, na koma ɗan aike: yanke nan, na yanke, bar nan, na bari. Sautin da ya rage daka ne, da kukan kurciya, da kiran salla daga nesa. Yaron da aka yi wata da watanni ana juya shi, ana ɗaga shi, ana yanke hukunci a kanshi a bayan ƙofa, wannan ne kaɗai abin da shi ke cewa a yi a yi, a bari a bari. In kun karɓe mashi wannan don ku gyara, gara ma ku hana shi tun farko.

Yanzu ga abin da ya fi komi gaggawa. Ku fara da murya. Hoto ana iya aiken wani ya ɗauko, murya ba a aike. Mu mun bar maganar sai ƙarshe kamar yadda ake yi a aiki, kafin mu zo kanta numfashi ya gajarta, jimla guda sai ya huta sau biyu, akwai abubuwan da ya rubuta a littafin lakkwal da bai samu faɗa ba. Ki samu ɗan makirfon nan da ake maƙalawa a wuyan riga, ko na abin sauraren kunne ma ya isa, a kashe fanka, a rufe ƙofa, ya faɗi duk abin da ke ranshi ko ba a san inda za a sa shi ba. Lokacin aiki kuma ki daidaita shi da maganin zafi. Namu na sha ne, duk awa huɗu kamar yadda likita ya tsara, bayan kamar rabin awa zuwa awa guda yake samun sarari, nan muke aiki, minti 20 ko 30, da ya fara lumshe ido mu aje. Kada a jinkirta magani ko a rage don wai ya wartsake gaban kamara. Hasken hantsi da na bayan la'asar sun fi kyau, a kwantar da wayar kada a tsaida ta. Bidiyo na cin wuri, minti guda mai kyau na iya wuce mega 100, don haka duk dare a kwafe a katin memori biyu, ɗaya ya kwana wani gida. In za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin takarda, in ba haka ba zai matse hoton ya lalace.

Wata rana ya karaya, ya ce wa zai kalli fim ɗin ɗan Maradi da aka yi da waya mai tsagaggen gilashi. Na tuna mashi cewa babbar kyautar bikin fina-finan Wagadugu, da aka fara bada ta a 1972, ɗan Nijar ne ya ɗauke ta, Umaru Ganda, kuma marigayi Mustafa Alasan, wanda ya zauna Tawa, tun shekarun 1960 ya fara fim da zanen hannu. Ya ce shi ba kyauta yake nema ba, mutum biyu yake son su kalla. Na gane ko su wa.

Mun nuna shi bayan isha'i a tsakar gida, na rataya farin zanen gado a bango, mutum bai kai 20 ba, duk na gida. Aka fito da katifarshi. Shi bai kalli bangon ba ko sau ɗaya, fuskoki yake bi. An yi dariya wurin takalmi, gwaggo ta rantse ba ta jan silifa. Da aka zo wurin labule tsakar gidan ta yi tsit. Yayata ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, can ta ɗago ta ce, “Ja'irin yaro.” Ko a nan ba ta kama sunan ba. Amma daga wannan dare ta daina tsayawa bakin labule, tana shiga da hawayenta ta zauna gefen katifa, su yi ta magana har a ɗauke wuta a maido. Kafin nan kowa na ɓoye ma kowa, ita tana cewa zai warke, shi yana cewa da sauƙi, dukansu sun san ba haka ba ne. Makonni biyar ɗin da suka rage mashi, a nan ya faɗi wanda za a ba wayarshi, ya nemi gafarar wanda zai nema, ya ce a biya mai shago dala ɗari da ake bin shi.

Ba kowa ya amfana ba, kada in yi maki ƙarya. Ƙanenshi da ya ɗauko bakin Gulbi har yau in aka kunna sai ya fita. Ƙaramar kuma bai kamata mu bar ta ta kalla ba tare da an shirya ta ba, ta yi kwanaki tana firgita cikin barci. Ki duba yaran gidanku, ki san wanda zai iya.

Maganar nuna ma duniya kuwa, ku zauna da shi da babanku tun yanzu, ya faɗa da bakinshi wa zai gani, kuma bayan ranshi a hannun wa zai zauna. Mu ba mu tsare wannan da kyau ba. Ranar sadakar uku wani ɗan'uwa ya roƙa aka tura mashi, shi ma ya tura ma wani, bayan wata biyu sai ga guntun wurin takalmin na yawo, an liƙa mashi waƙar kuka da lambar wata waya wai a taimaka ma marar lafiya, yaron da ke kabari. Abin da uban ya ji tsoro tun farko ke nan, kuma na kasa haɗa ido da shi. Shawarata, kada ya fita daga katin memori sai in shi yaron ne ya ce a sake shi, in kuma za a saki, ku sake shi cikakke da kanku, da rubutu a farko cewa ba a neman taimakon kowa da shi.

Shi uban, daren da aka nuna, tun ana wurin takalmanshi ya tashi ya shige zaure, bai dawo ba har aka naɗe zanen. Na ɗauka mun yi laifi, bai kuma taɓa tada maganar ba, har aka yi rasuwa, har aka yi arba'in. Wata safiya ina buɗe shago sai ga shi tsaye da waya a hannu. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya kalli titi, sannan ya ce, “Sa mani abin nan na yaron.” Tun daga nan ya canza waya sau biyu, kuma duk ran da ya sayi sabuwa, daga kasuwa shagona yake fara biyowa kafin ya isa gida.

In kuna cikin gari, ina da makirfo biyu, ɗaya zaune yake ba aiki. Ki aiko yaro ya karɓa yau, ku fara gobe da hantsi bayan ya sha magani.