Daga ina manyan taurari masu zafi ke samo hasken eksire?

Ɗan'uwa, ka ce kana zaton tsananin zafin jikin tauraron ne ke fitar da hasken eksire, irin na hoton ƙashi a asibiti. Ba nan gizo ke saƙar ba. Saman manyan taurarin rukunin O, wato rukunin masu tsananin zafin nan, kan kai digiri 30,000 zuwa 50,000, amma eksire sai an kai miliyoyi.

Sirrin yana cikin iskar da tauraron ke fesowa. Haskensa ne da kansa ke ingiza iskar gas waje da gudun kilomita 2,000 ko fiye a daƙiƙa guda. Sai dai tafiyar ba daidai take ba: wani ɓangare ya ɗan sha gaba, ya ƙara samun haske, ya ƙara gudu, ya afka wa wanda ke gabansa. Wannan karon ne ke dafa gas ɗin har miliyoyin digiri. Tauraron Zeta Puppis shi ne misalin da aka fi nazari. Duk da haka eksiren bai taka kara ya karya ba, kusan kashi ɗaya cikin miliyan goma ne na dukkan hasken tauraron.

Wanda ya fi burge ni Eta Carinae ne: taurari biyu masu zagaye juna duk shekara biyar da rabi, iskokinsu na gwabzawa gaba da gaba, eksiren na hawa da sauka da zagayen.

Kada ka nemi wannan eksiren da madubin hangen nesa daga ƙasa, iskar da ta kewaye duniyarmu na shanye shi. Tauraron ɗan Adam Einstein, da aka harba a 1978, ne ya fara gano eksiren irin waɗannan taurari, Chandra ya biyo baya a 1999.