Ga ƙanenmu mai tambaya kan zubewar gashi bayan allurar ƙarin tsoka

Assalamu alaikum. Ƙanena, sau biyu na karanta tambayarka kafin in amsa, domin abin da ka faɗa kusan labarina ne shekara tara da suka wuce. Ka ce shekarunka 23, ka yi mako goma kana allurar Sustanon haɗe da ƙwayar Winstrol don ƙirji da damatsa su cika, ka daina wata biyu ke nan, amma gashin goshinka sai ja da baya yake yi, kana son sanin ko zai dawo, kuma ko ka sayi finasteride, maganin sanƙon da abokin ɗaga ƙarfenka ya yaba maka. Ni ba likita ba ne. Abin da zan faɗa maka a kaina na gan shi, sauran kuma likitan fata ne ya zaunar da ni ya fahimtar da ni a nan Yamai.

Na fara ne a wani wurin ɗaga ƙarfe na unguwarmu, irin wanda ake cika gwangwanaye da siminti a soka musu sandar ƙarfe. Wani ne yake zuwa da ƙananan kwalabe a cikin jaka, babu takardar likita, mu kuma ba ma tambaya. Wanda ya fara lura da kaina mai askina ne. Ran nan yana cikin aski sai ya kashe inji, ya ɗauko madubin hannu ya riƙe mini ta ƙeya, ya ce, "Babban yaya, tsakiyar nan fa ta fara haske." Da yake yawancinmu gashi ƙasa-ƙasa muke bari, ba ma ganinsa a kan matashi ko a bakin mataji, sai abu ya yi nisa wani ya gaya mana.

Ga yadda abin yake. Sustanon sinadarin namiji ne, wato testosterone, kuma jiki yana juya wani kaso nasa ya koma DHT, wanda ya fi shi ƙarfi a kan saiwar gashi. Ga wanda ya gaji sanƙo, DHT yana tsuke saiwar gashin goshi da na tsakiyar kai a hankali, gashin ya riƙa fitowa siriri, gajere, mara baƙi, har wata rana ya daina fitowa. Winstrol kuwa, wanda sunansa na asali stanozolol, shi ne aka samu a fitsarin ɗan tseren Kanada Ben Johnson a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, kuma daga DHT ɗin kansa aka ƙera shi, ba ya jiran jiki ya juya shi. Saboda haka allurar ba ta ƙirƙiro maka sanƙo ba, ta dai kira shi tun lokacinsa bai yi ba. Shi ya sa za ka ga mutum biyu sun yi allura iri ɗaya, ɗaya kansa cike, ɗaya ya koma sa hula ko da daddare a fada. Dubi mahaifinka, ka dubi kawunnanka na wajen uwa. Ni da na je Tahoua bikin Sallah na ga kawunnaina uku sun cire hula za su yi alwala, ban ƙara tambayar kowa daga ina nawa ya fito ba.

To, zai dawo? Inda gashi ya yi laushi ya sirance amma yana nan, ana iya sa rai, musamman da yake ka daina da wuri. Inda fata ta yi sumul tana sheƙi shekara da shekaru, ba magani ko man shafawa da zai tsirar da shi. Wata biyu kuma ya yi kaɗan a yanke hukunci, domin gashin da ya sha wuya yakan zube ne bayan wata biyu zuwa uku, haka ma yake yi bayan zazzaɓi mai tsanani, sannan ya ɗauki wata shida ko fiye kafin a san abin da ya rage. Nawa na gefen goshi bai dawo ba. Na tsakiya ya ɗan cike, bai kai yadda yake da ba.

Maganar finasteride ce na fi so ka saurare ni a kai. Magani ne na gaskiya, miligiram 1 a rana, an amince da shi don sanƙo a Amurka tun 1997, kuma aikinsa shi ne hana testosterone komawa DHT. Amma ka lura, abin da aka riga aka ƙera daga DHT kamar Winstrol ba ruwansa da wannan shingen, don haka masu cewa a haɗa su a ci gaba da allura suna yaudarar kansu ne. Ban da haka, wasu maza yana rage musu sha'awa, ga shi kai yanzu jikinka bai gama farfaɗowa ba, tunda allurar tana sa maraina su dakatar da nasu aikin, kuma kafin su koma daidai akan ɗauki watanni, wani har fiye da shekara. Idan ka ɗora wannan a kan wancan ba tare da likita ba, ba za ka san wanne ne ya kawo maka matsala ba. Mace mai ciki ma ba a so ta taɓa ƙwayar da ta fashe. Minoxidil na kashi 5 cikin ɗari da ake shafawa ya fi sauƙin sha'ani, ana samunsa a farmasi, sai dai yana son haƙurin wata huɗu zuwa shida, da farko ma zubewar takan ƙaru, kuma idan ka bari abin da ya riƙe maka zai tafi a hankali.

Ni kuskurena shi ne na ɓata kusan shekara ina zuba jaka-jaka a kan mayukan masu talla, har da man tafarnuwa da ya ƙona mini fatar kai, duk don kunyar in faɗa wa likita abin da na yi. Da na je, kan ma bai daɗe yana dubawa ba. Ya tabbatar ba makero ba ne, sai ya ɗaura mini abin awon hawan jini, ya rubuta gwajin hanta, da na kitsen jini, da na testosterone, domin ƙwayoyin haɗiya irin Winstrol da Dianabol hanta suke wahalarwa, suna kuma kassara kitsen nan mai kare jijiyoyin zuciya. Sakamakon hantata ya fi sanƙon tayar mini da hankali, kuma babu mai askin da zai iya nuna mini shi a madubi.

Idan za ka je, ka tafi da kwalaben da kwalayen ko da babu komai a ciki, ka faɗi adadin da ka yi da ranar da ka daina ba tare da ragi ba. Kafin nan ka sa wani ya ɗauki hoton goshinka da tsakiyar kanka da rana a tsakar gida, ka maimaita kowane wata a wuri ɗaya bayan aski iri ɗaya, ka nuna wa likitan. Allah ya ba ka lafiya.