Tambaya da Amsa: Rayuwar matashin ɗan resilin mai zaman kansa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan kallon resilin na kamfanin WWE, kuma na ji ana cewa wasu 'yan wasan sun fara ne a matsayin masu zaman kansu. Me hakan ke nufi, kuma shin matashi zai iya riƙe kansa da wannan sana'a? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ɗan resilin mai zaman kansa shi ne wanda bai ƙulla yarjejeniya da wani babban kamfani irin WWE ko AEW ba, saboda haka shi ke nemo wa kansa wasa a wurin ƙananan masu shirya gasa, a biya shi kuɗin daren da ya yi wasa kawai. Yawanci a zauren makaranta ko ƙaramin ɗakin taro ake yin irin waɗannan wasanni. Sabon shiga kan taimaka wajen ɗaura igiyoyin dandali da jera kujeru kafin jama'a su iso, bayan an tashi kuma ya tsaya gaban tebur yana sayar da riguna da hotunansa, domin sau da yawa abin da ya samu a nan ne ke biya masa kuɗin mai. Mafi yawansu suna da wani aikin da suke yi a ranakun mako.

Misalin da ya dace da tambayarka shi ne Nick Wayne, wanda aka haifa a jihar Washington ta Amurka a shekarar 2005. Mahaifinsa, Buddy Wayne, ɗan resilin ne mai horar da matasa, kuma ya rasu a 2017 tun yaron bai cika shekara 12 ba. Nick ya ci gaba da atisaye, ya riƙa yin wasa a ƙananan kamfanoni irin DEFY da ke birnin Seattle da kuma GCW yana ɗalibin sakandare, bidiyon wasanninsa kuma ya riƙa yawo a intanet har manya suka san da shi. A watan Fabrairun 2022, yana da shekara 16, Darby Allin, ɗan wasan AEW wanda tsohon almajirin mahaifin Nick ne, ya miƙa masa takardar yarjejeniyar AEW a gaban 'yan kallo, amma sai da ya cika shekara 18 a watan Yulin 2023 sannan ya yi wasansa na farko a kamfanin, inda ya kara da Swerve Strickland.

Sai dai a ganina kuskure ne a auna sana'ar da labarin Nick, domin shi ɗan gado ne, ya buɗe ido ya tarar da malamai da abokan mahaifinsa. Wanda labarinsa ya fi kama da na kowa shi ne Apollo Crews, wanda mahaifinsa ɗan jihar Binuwai ne: ya shafe shekaru yana yawo da sunan Uhaa Nation, har ya kai kamfanin Dragon Gate na Japan, kafin ya fara fitowa a WWE a 2015.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiyarsu. Gaskiya ne ana tsara wanda zai yi nasara tun kafin a hau dandali, amma faɗuwar ta gaske ce, kuma katako ne a ƙarƙashin siririyar katifar da suke faɗawa a kai. Idan gwiwa ta goce ko wuya ya samu rauni, mai zaman kansa ba shi da albashin da zai jira, ga kuɗin asibiti a Amurka da tsada ƙwarai. Don haka amsar tambayarka ta biyu ita ce 'yan kaɗan ne ke riƙe kansu da resilin kaɗai, kuma su ma sai bayan sun yi sunan da zai sa a gayyace su wasa a Ingila ko Japan ko Meziko.