Likita Ya Amsa: Hatsarin Mota, Sashen Gaggawa Da Jinya Bayan An Sallame Ka

Tambaya daga wani direban tasha a Gusau: Likita muna yawan tarar da hatsari a hanyar Funtuwa, mutane su taru wasu na watsa ruwa wasu na ɗaukar hoto. Me ya kamata mu yi kafin a kai asibiti?

Malam direba wannan tambayar taka ta fi min kowacce a wannan makon, saboda ku ne kuke fara isa wajen kafin mu. Akwai wani bincike da aka wallafa a 1998 da ya kwatanta masu mummunan rauni a birane uku, a Kumasi ta Ghana kashi 63 cikin ɗari suka rasu, a Monterrey ta Meziko 55, a Seattle ta Amurka 35, kuma bambancin ya fi fitowa tun a titi, don a Kumasi kashi 51 sun cika kafin su ga ƙofar asibiti. Daga baya aka tara direbobin haya 335 a Ghana aka koya musu taimakon farko, irinku dai.

Abin yi bai da yawa. Jini na zuba, ka samu tsumma mai tsabta ko rawani ka danne wajen da ƙarfi kar ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. Wanda ya suma amma yana numfashi a juya shi gefe, kai da wuya da gangar jiki su juya tare kamar ana mirgina gungume, kar a ciccibe shi hannu da ƙafa a jefa bayan a-kori-kura, mutane da yawa a nan lakarsu ke tsinkewa. Kar a ɗura masa ruwa, zai iya shaƙewa kuma wataƙila tiyata za a yi masa. Ka kira jami'an kiyaye haɗura a 122 ko ka kira 112.

Sannan saurin kaiwa. Akwai allura mai araha da ake yi a asibiti don rage zubar jini, sunanta tranexamic acid, an gwada ta kan mutum 20,211 a ƙasashe 40 a binciken CRASH-2 da ya fito a 2010, in aka yi ta cikin awa ɗaya da samun rauni mutuwa ta sanadin zubar jini na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, in an wuce awa 3 kuwa amfaninta ya tafi har tana iya cutarwa. Kuma in an ce maka sai da takardar ’yan sanda, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 sashe na 20 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa bisa kowane dalili.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Kano: Ƙanena ya faɗi a babur kansa ya bugu, ya ɗan suma ya farfaɗo yana magana lafiya lau, amma asibiti suka ce sai ya kwana a yi hoton kai. Ba neman kuɗi ba ne kuwa?

Hajiya don Allah ku bari ya kwana. Wannan farfaɗowar ita ce ke tsorata mu. Wani lokaci jijiyar jini ce ta tsage tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, jinin na taruwa a hankali mutum na ta hira har ya ci tuwo, bayan ’yan awanni sai barci mai nauyi ya ɗauke shi, in ba a buɗe an kwashe jinin ba shi ke nan. Na taɓa karɓar wani matashi da aka mayar gida a haka aka dawo da shi da asuba, har yau abin na raina. Ko an sallame shi, in kun ga amai a kai a kai, ciwon kai na ƙaruwa, rikicewar magana, jijjiga, wani gefen jiki ya mutu, ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, ku juyo a daren. Kuma ki saya masa hular kwano, nazarin Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken likitoci, ya nuna tana rage raunin kai da kusan kashi 69.

Tambaya daga Maraɗi: Babanmu ya karye a ƙwauri ƙashi ya ɓullo waje, dangi sun ce a kai shi wajen mai ɗori.

A'a, wannan karayar ba ta mai ɗori ba ce. Ƙashin da ya ga ƙasa ya kwashi datti, yana buƙatar wanki a ɗakin tiyata da allurar kashe ƙwayoyin cuta da wuri da ta tetanus. Abin da muke gani kullum shi ne an ɗaure da karare tamau, ƙafa ta kumbura jini ya daina zagayawa, sai ta yi baƙi a kawo mana a yanke. In yatsu sun yi sanyi ko ciwo ya wuce misali a kwance ɗaurin nan take. Ƙwauri kan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya haɗe, kuma ku dage da zuwa gashin ƙashi in likitansa ya ba da izini, rashinsa ne ke sa gwiwa ta sandare.

Tambaya daga wata uwa a Bauchi: Wata huɗu da hatsarin ɗana, raunin ya warke amma ba ya barci, yana firgita, ya ƙi shiga mota. An ce iska ce.

Mama Allah ya ba shi lafiya. Wannan ciwon firgici ne da ke biyo bayan tashin hankali, sananne ne a wajenmu kuma yana yawan samun waɗanda suka tsira daga hatsari, musamman in sun ga wani ya rasu a gabansu. Tunda ya wuce wata ɗaya bai lafa ba ki kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai magani ta hanyar zama da ƙwararre a bi abin da ya faru daki-daki, wani lokaci a haɗa da ƙwaya. Ku ci gaba da addu'a, amma kar a tilasta masa shiga mota da faɗa, kuma kar a sayo masa maganin barci a kemis. In kin ji ya ambaci gajiya da rayuwa, ranar za ku tafi kar a jira.