Amsa kan muƙalar birnin Kano

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce ka yi ta fama da muƙalar birnin Kano a Wikipedia, ka roƙi a duba maka, sai wani ya zo ya manna mata alamar rashin madogara ya yi tafiyarsa. Wallahi na san wannan ciwon.

Nawa ma ya fi naka zafi. Na taɓa zama na rubuta sashen tarihi, tun daga Dala da Bagauda, da ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, har zuwa Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wanda a zamaninsa aka kafa Kasuwar Kurmi. A waya na buga shi, da datar da na saya da kuɗina, cikin dare mutane na barci. Gari na wayewa wani edita ya share komai. Bai ce uffan ba a shafin tattaunawa, ko dalilin gyaran bai rubuta ba. Na bi shi shafinsa na yi masa magana cikin ladabi, ko kallo ban ishe shi ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da ya zuba a wurin: fassarar na'ura, Hausar da ko shi kansa ba zai iya karanta wa mahaifiyarsa ta gane ba. Har yau idan na ga sunansa a jerin sababbin sauye-sauye sai gabana ya faɗi. Allah dai ya kyauta.

To, na leƙa taka. Babbar matsalarta, birni da jiha sun cakuɗe. Mutum miliyan 9.4 na ƙidayar 2006 adadin jiha ne, bai kamata ya zauna a akwatin bayanin birni ba. Haka ƙananan hukumomi 44, da ƙirƙiro jihar a 1967, da cire Jigawa a 1991, duk ka mayar da su muƙalar jiha. Kai ka tsaya kan su Dala, Fagge, Gwale, Tarauni da Nassarawa.

Kirarin "Kano tumbin giwa" kuma ka ɗauke shi daga layin farko, ka kai shi sashen al'adu. Ni ma ina jin daɗinsa, amma da shi editoci za su kama ka.

Shekarun sarakunan farko kuwa, ka rubuta "a cewar Tarihin Kano", wato tsohon kundin nan da Baturen mulkin mallaka H. R. Palmer ya fitar da fassararsa a 1908, kada ka kawo su kamar kana wurin. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya shigo Kano a 1851 ya yi bayanin kasuwa da rini, littafinsa madogara ce mai kyau. In kana gari, ka leƙa Gidan Makama ko laburaren Jami'ar Bayero, ka riƙa rubuta lambar shafi.

Don Allah ka yi nesa da rikicin masarauta na yanzu, nan ne ake share-share ba dare ba rana. Kuma kafin kowane babban gyara ka ajiye kwafi a shafin gwajinka, ka kuma faɗa a shafin tattaunawa.

Af, hotunan karofin Ƙofar Mata da ka sa, kai ka ɗauka? In daga Facebook ka kwaso, za a goge su a Commons, wato ma'ajiyar hotunan Wikipedia. Sashen sufuri ma babu saukar jirgin sama na farko a 1925, ka bar min shi, zan sa da daddare in Allah ya yarda.